Babi na 6: Inji Yana Kuka, Mota Ba Ta Ja

A kakar da zan ba da labarinta, Baffana ya sayi farantin kuloci sau biyu cikin wata biyu. Motarsa tsohuwar akori-kura ce 'yar Japan, ta girmi rabin 'ya'yan gidan. Da rani taki take kai wa manoma a ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa, da kaka ta kwashi gero da wake da gyaɗa zuwa Dawanau, ranar Lahadi kuwa awaki da masu su take kaiwa kasuwar Dambatta. Ni ne yaron motar idan an yi hutun makaranta. Abin da ta samo da rana shi ake ɗorawa a murhu da dare, saboda haka kwana ɗaya idan ta yi a gareji, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa.

Karon farko a kan kwalta abin ya same mu, mun yi lodi, muna giya ta huɗu. Baffa ya taka totur zai wuce wani amalanken shanu, inji ya ɗauki kuka, amma motar ba ta ƙara gudu ko kaɗan ba. Ya ɗaga ƙafa kukan ya sauka, ya sake takawa ya sake tashi. Can sai wani ƙauri mai kama maƙogwaro ya shigo mana, irin na birkin da ya yi zafi. Wani matashin makaniki ya ce kuloci ya cinye. Ya sauke giyabos da hantsi, ya sa sabon faranti, kafin la'asar mun kama hanya. Aikinsa da sauri, ba kuma zan ce ya cuce mu da gangan ba. Mako shida muka yi lafiya, sannan ciwon ya dawo, har da ƙari: duk sa'ad da za mu tashi daga tsaye sai motar ta dinga karkarwa kamar mai masassara.

Baffa ya ce jabun faranti aka sayar masa. Da wannan magana a bakinsa muka isa wurin wani dattijon makaniki da ke aiki a gindin darbejiya. Dattijon bai ko ɗauki sifana ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ya shafo wurin da giyabos ya haɗu da inji, ya fito yana murza yatsunsa, ya kai hanci.

"Alhaji, farantinka ba shi da laifi. Mai yake sha."

"Mai kuma, Malam? Ta ina mai zai kai can?"

"Ta inda ya kai wa na farkon. Kwana nawa kake yi kafin ka ƙara baƙin mai?"

Baffa ya yi shiru yana lissafi. Kusan lita guda yake ƙarawa duk mako, ya kuma daɗe a haka har abin ya zame masa jiki. A wurinsa tsohuwar mota ce, dole ta sha mai. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ɗigon da yake gani a ƙofar gida kowace safiya da kukan da inji ke yi a hanya ciwo ɗaya ba ne.

Kafin a gane yadda suka haɗu, sai an san abin da ke cikin wannan ƙoƙon ƙarfe da dattijon ya shafo. A ƙarshen inji ta baya akwai babban faifan ƙarfe mai haƙora a gefe, fulawul, wanda ke juyawa muddin inji na aiki. A jikinsa ake manna farantin kuloci, shi kuma farantin yana zaune ne a kan sandar da ke shiga giyabos. Sai wani marfi mai ƙarfin sifirin ya danne farantin a jikin fulawul. Ɗauki faifai ka matse shi tsakanin tafukanka biyu ka juya, zai bi hannunka, ka sassauta kaɗan kuma hannun ya juya ya bar faifan a baya. Taka fedar kuloci sassautawa ce da gangan, don a samu a canza giya. Sulɓewa kuwa ita ce ka saki fedar gaba ɗaya amma riƙon bai kama ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai injin niƙa ya ga irinta, lokacin da bel ya saki: injin yana ta ruri, bel yana ƙara yana hayaƙi, hatsi yana nan a mazurari bai motsa ba.

Akwai ruɗanin da babur ya jawo mana, kuma ya kamata a warware shi. Matasanmu da yawa a kan babur suka fara koyon gyara, kulocin babur kuwa a cikin mai yake wanka, haka aka ƙera shi. Na mota busasshe ne. Ƙarfinsa duka a gogayya yake, kuma ɗan man da bai cika cokali ba ya isa ya lalata shi.

Sulɓewa tana fara bayyana ne a manyan giyoyi. A giya ta ɗaya giyabos yana sauƙaƙa wa inji nauyi, abin da ke faɗawa kan farantin kaɗan ne. A ta huɗu da ta biyar babu wannan sauƙi, nan ne raunanan faranti ke tona kansa. Direban da ke bin hanya mai hawa da gangara da wuri yake ganewa, don tudu ba ya ɓoye masa komai. Mu ƙasarmu a shimfiɗe take. Daga Bichi zuwa Kunci, daga Minjibir zuwa Dambatta, da wuya ka sami hawan da zai sa mota nishi, sai kuloci ya yi watanni yana sulɓewa kaɗan-kaɗan, yana ƙona kansa yana ƙona fulawul, mai shi bai sani ba, illa dai ya ga fetur ba ya kai shi inda ya saba kai shi. Lodi da rairayi su ne tudunmu.

Gwajin ba ya bukatar kayan aiki. A sami fili, a tabbata babu yaro ko dabba a gaba, a ja hambirki, yaron mota ya sa waji. A sa giya ta uku, a ɗan ba da wuta, a saki kuloci a hankali har ƙarshe. Lafiyayyen kuloci nan take zai kashe injin. Idan injin ya ci gaba da aiki ƙafa tana waje, ko ya daɗe yana ja-in-ja kafin ya mutu, kuloci yana sulɓewa. Sau ɗaya ake yi, na daƙiƙa biyu ko uku, domin gwajin kansa yana cin faranti. A hanya kuma, a sa giya ta huɗu ana gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa, a taka totur ƙasa, a sa kunne. Idan kukan inji ya riga gudun mota tashi, an samu amsa.

Kunnen nan shi ke raba wannan ciwo da masu kama da shi. Direba yakan zo ya ce mota ba ta ja, a sauke masa giyabos, alhali filtar mai ce ta toshe, ko filtar iska ta cika da ƙurar hunturu, ko fulogi ya gaji, ko birki ne yake riƙewa. A duk waɗannan injin ba ya iya ɗaga murya, shaƙewa yake yi. A sulɓewar kuloci muryar tana tashi sarai, tafiyar ce babu. Haka nan idan giya ce ke ƙin shiga, ko tana ƙara kafin ta shiga, wannan kuloci ne da ya ƙi saki, ciwo ne daban da maganinsa daban.

To an tabbata yana sulɓewa. Har yanzu lokacin sauke giyabos bai yi ba, kuma a nan ne na fi ganin ana asarar kuɗin talakawa. A danna fedar da hannu. Ya kamata ta ɗan yi wasa a sama, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, kafin a ji ta yi nauyi. Yayin da faranti ke sirancewa wannan wasa yana raguwa, idan ya ƙare kuwa tamkar an ɗora ƙafa ne a kan kuloci dare da rana. A mota mai kebur, wani lokaci juya noti ɗaya ne maganin. Golf ɗin nan da ta cika tashoshinmu, wadda aka fara ƙerawa a 1991, da yawanta kebur ɗinta mai saita kansa ne, kuma idan ya tsufa yakan cije ya riƙe kuloci a ɗame. Masu amfani da man birki, irin su Hiace da Fijo 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, suna da kulocin sama da kulocin ƙasa. Idan na saman bai koma mazauninsa sosai ba, man ba ya samun hanyar komawa kofinsa, sai ya yi zafi ya kumbura ya danne kuloci. Alamarsa ita ce mota lafiya lau da safe, rana na yi ta fara sulɓewa. Duk waɗannan a tsaye ake duba su, ba a kwance ko ƙusa ɗaya ta giyabos ba.

Idan feda ta fita daga zargi, saura biyu: ko faranti ya cinye, ko ya jiƙe. Wanda ya cinye a hankali yake zuwa, fedar tana ta kamawa a can sama. Wanda ya jiƙe yakan haɗa da karkarwar nan da muka ji, domin mai da zafi suna mai da fuskar farantin wani wuri santsi wani wuri danƙo, sai ya kama ya saki, ya kama ya saki. Shaida mafi ƙarfi ita ce wadda dattijon ya nema, wato danshi a gindin ƙoƙon.

Sai dai ganin mai a wurin bai isa a yanke hukunci ba, sai an san wane mai ne, daga ina kuma ya taso. Baƙin mai na inji baƙi ne ko ruwan ƙasa, da ɗan ƙaurin ƙuna. Man giya ya fi kauri, yana da wani ɗoyi mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai wanda hanci ba ya mantawa. Man birki tsinkakke ne, yana narkewa a ruwa, yana kuma cin fenti. Idan ɗoyin man giya ne, to zoben robar da ke tare mai a bakin giyabos ne ya mutu. A Golf mai injin 1.8 akwai ma wani siririn ƙarfe da ke ratsa tsakiyar sandar giyabos ya tura kuloci, da ɗan ƙaramin zobensa, wanda idan ya lalace yake kai man giya tsakiyar faranti kai tsaye. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma makanikin da bai san da shi ba sai ya yi ta canza faranti.

Baƙin mai kuma maƙaryacin shaida ne. Ƙasa yake bi, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka duk inda ya fito a jikin inji, a gindin ƙoƙon kuloci yake taruwa ya ɗiga. Gaskit ɗin marfin saman inji, ɗan makunnin da ke kunna fitilar mai, robar filta, wadda wani lokaci tsohuwar takan liƙe a ɗora sabuwa a kanta, wasar notin juye da aka yi shekaru ba a canza ba, duk suna iya sa a zargi zoben robar da ke tare mai a bayan inji alhali yana lafiya. Ƙa'idar ita ce a bi sawun zuwa sama: wuri mafi tsayi da ya jiƙe, nan ne mafari. A tsohon inji da ya yi baƙi ƙirin da ƙura da mai ba a ganin sawu, sai an wanke shi. A bari ya huce, a wanke da kalanzir da ruwan omo, kada a kusanto da fetur. Idan ya bushe a barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka ko farar hoda a wuraren da ake zargi, ana kiyaye bakin iska da mazubin mai, a tayar da injin minti goma ko sha biyar. Man zai zana hanyarsa baƙa a kan fari, gani ya kori ji. Da dare kuma a shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, da safe a ga inda ya ɗiga da launinsa.

A motar Baffa saman injin a bushe yake. Man daga ciki yake fitowa, ta zoben da ke bayan fulawul, wanda kanikawa ke kira oyil-sil. Amma dattijon bai tsaya nan ba, wannan ne kuma abin da ya sa har yau nake ganin girmansa. Ya sa Baffa ya tayar da mota, ya buɗe marfin zuba mai, ya ɗora tafinsa a bakin, ya ce in zo in ji. Iska ce ke bugowa, fuf, fuf, fuf.

"Ka ji, ɗan nan? Injin ba ya numfashi. In ka toshe wa tukunya baki tana tafasa, ta gefe za ta fitar."

Kowane inji yana da ɗan hayaƙin da ke tsallake zoben fistin ya gangara cikin kaskon mai. Akwai tiyo da aka yi domin ya janye shi ya mayar inji ya ƙone. Idan tiyon nan ya toshe da daskararren mai da ƙura, ko zoben fistin sun cinye har hayaƙin ya fi ƙarfin tiyon, iskar takan taru ta tura mai waje ta duk inda ya fi rauni. A sa sabon oyil-sil a irin wannan inji, wata ɗaya ko biyu ya sake tsiyaya. Cika mai ya wuce layin sama na geji shi ma yana jawo haka, kuma direbobi da yawa suna yi da niyyar alheri, wai don kada ya ƙare a hanya. A yawancin ƙananan motoci abin da ke tsakanin layin ƙasa da na sama bai wuce lita guda ba.

Ba kuma duk man da ya ɓace ne ya zuba a ƙasa ba. Idan kwali ya kwana a bushe amma geji yana sauka, a dubi salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin ƙona man yake yi. Idan man ya koma kamar koko da madara, ruwan lagireto ne ya shiga. Jar fitilar mai kuwa ba cewa take yi mai ya ragu ba, cewa take yi ya daina zagayawa, kuma tafiyar 'yan mintuna a haka ta isa inji ya buga. Na sha shiga motar haya na ga an cire ƙwan fitilar ko an liƙe ta da takarda. Wannan abu yana tayar mini da hankali fiye da tayar da ta suɗe.

Me ya sa kuloci ke saurin mutuwa a wajenmu ko da mai bai taɓa shi ba? Yankin nan gona ce a jikin gona, ba a barin ƙasa ta huta, taki ne ke riƙe da ita. Michael Mortimore, masanin da ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke fita da taki daga birni su komo da itace. Yau akori-kura da Kanta sun karɓi kaso mai yawa na aikin jakin, amma hanyar ba ta canza ba, burtali ne mai rairayi tsakanin shinge da shinge. Motar da aka yi don tan ɗaya, wato buhu goma na kilo 100, sai a ɗora mata ashirin, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na ga lodin yana ƙara tsayi, domin sawu biyu ya fi ƙarfin aljihu. Ba na zargin kowa, na san lissafin. Amma idan irin wannan mota ta kafe a yashi, direba ya riƙe rabin kuloci yana ba da wuta, a minti biyar yana iya cinye abin da zai yi masa shekara. Gara a sauke buhu biyar, a tone gaban taya, a shimfiɗa kara, a ɗan rage iska, a fita da giya ta ɗaya ƙafa a waje. Tashi da giya ta biyu da lodi, da jingina ƙafa a kan feda ana tafiya, su ma ci suke yi a ɓoye.

Ranar da za a sauke giyabos, mai mota ya tsaya a wurin. Kuɗin aikin saukewar ya ninka na zoben roba sau da yawa, don haka ba a mayar da giyabos ba a ciro fulawul an duba bayansa ba. A shafa fuskar fulawul, idan ta yi shuɗi ko ta tsattsage a kai a goge ta a injin, in ba haka ba za ta cinye sabon farantin. A juya boris ɗin kuloci a ji ko yana gurnani, a dubi yatsun marfin ko sun cinye. Mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kaya ya tafi da tsohon a hannu a gwada, ko sabo zai saya ko ɗan Beljiyam. Dabarar nan ta wanke jiƙaƙƙen faranti da fetur a cinna masa wuta a mayar, ba na goyon bayanta: man ya riga ya shige cikin fatar, yana jin zafi zai sake tsattsafowa. Baƙar ƙurar da ke cikin ƙoƙon kuma kada yara masu koyo su hure ta da baki, domin wasu farantan akwai asbesto a cikinsu, mai lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tsohon man da aka juye a tara a jarka, kada a malalar da shi kusa da rijiya ko a bakin gona.

Kwana biyu motar Baffa ta yi a gindin darbejiyar. Zoben da aka ciro ya bushe ya yi tauri kamar tsohon kiri, da tsaga a leɓensa. Tiyon numfashin sai da aka zura masa waya kafin haske ya ratsa. Daren da muka dawo Baffa da kansa ya yaga kwalin taliya ya shimfiɗa a ƙarƙashinta, ya danne da duwatsu huɗu, bayan sallar asuba ya haska tocila, babu ko ɗigo. Farantin da aka cire na kawo shi gida. Kaurinsa yana nan kamar ranar da aka saye shi, har rubutun kamfanin ana iya karantawa, sai dai in ka danna fatar da farce, mai ne ke fitowa.